Malamar da Ke Yage Bayan Littafi

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin horon malamai da ke hayin kogi a Lanzhou, in ka ambaci Malama Teng, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙarar yagar takarda. Ranar farko ta zangon karatu takan shigo aji da kwandon roba, ta dire shi a kan tebur, ta ce kowa ya buɗe littafinsa na sauraron Turanci ta baya. A can baya ake buga duk maganar da ke cikin faifan darasi, kalma bayan kalma, don wanda bai ji ba ya karanta. Sai ta ce, "A yage." Littafi sabo ful, ko ƙanshin madaba'a bai bar shi ba! Yara su tsaya kallon juna. Ita kuwa ko a jikinta, ta bi layi-layi da kwandonta, wanda ya tsaya nuƙu-nuƙu ta yage masa da kanta.

"Kunne na zo koyarwa," haka take ce musu. "Mai son karatun ido ya haura bene na uku, ana jiransa. Takardunku suna wurina, ranar da kuka fito daga jarrabawa ku zo ku karɓi kayanku."

Teng Yulan 'yar ƙauye ce daga duwatsun Dingxi, inda ba a noman komai sai dankali, shi ma sai sama ta ga dama. Da Turancin takarda ta fito daga can, kuma ba ƙarya ta iya shi. A jami'a babu mai kamo ƙafarta, ƙamus guda ta kusa haddacewa. A shekararta ta ƙarshe wani Bature injiniya ya zo duba wata masana'anta, aka ce a tura gwanar aji ta tarbo shi a tashar jirgin ƙasa. Mutumin na saukowa ya yi mata magana. Ta ji kamar ana gara duwatsu a cikin garwa. Ya maimaita, ta yi murmushi. Ya sake maimaitawa yana tsuke ƙafafu, ta sake murmushi. Da bawan Allah ya ga abin zai kai shi ga kunya, ya zaro biro ya rubuta a tafin hannunsa ya nuna mata. Nan take ta karanta: banɗaki yake tambaya.

Wannan shi muke kira Turancin kurame, kuma rabin ƙasar nan shi muka iya. Wasu sukan yi dariyar abin su wuce. Ita ba ta yi dariya ba. Haushi ta ji, irin wanda ba ya hucewa, kuma a kansa ta gina aikinta duka. Ta ƙi faifan da ake magana a cikinsa sannu-sannu kamar ana ba maras lafiya kunu. Ta riƙa tara muryoyin mutane na gaske: direban tasi a Landan, likita ɗan Indiya, mai sayar da kifi da ke haɗiye rabin kalmominsa. Ɗalibai suka yi ta kai ƙararta, wai ajinta azaba ne. Shugabannin sashe suka zo suka tafi, kowanne ya gwada lanƙwasa ta ya gaji. Sauran malamai na koyar da dabarun canki-canka, in amsoshi uku dogaye ne ɗaya gajere to zaɓi gajeren, ita tana cewa ba boka aka ɗauke ta aiki ba.

Saura shekara guda ta yi ritaya kunnenta ya fara tafiya. Na hagu ya riga, na dama ya bi shi a hankali. Mijinta, Tsoho Mou, wanda ya shafe shekarun aikinsa yana tuƙa motar bas ta birni, shi ya fara lura.

"Tsohuwa, talabijin ɗin nan maƙwabta ma sun gode, suna jin labarai kyauta."

"Kai ne dai ka koma magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya kwana bai ci ba."

"Ni? Ni da na shekara talatin ina yi wa fasinja ihu?"

Da ƙyar ya ja ta asibiti aka ba ta 'yar na'urar ƙara ji, kowane kunne da tasa. Da ita tana jin mutum in yana gabanta tana kallon bakinsa. Amma muryar da ta fito daga lasifika, sai ta zame mata hayaniya kawai, kamar ruwan sama a kan kwano. Ta saki gashinta ya rufe kunnuwan, ita da kullum a ɗaure yake tamau, ba ta gaya wa kowa ba. Faya-fayanta kuwa ai ta haddace su tuntuni. Takan kunna, ta kafa wa kwamfuta ido tana bin ɗan layin da ke tafiya, in ya kai ƙarshe ta kashe ta fara tambayoyi. Haka ta ci zango guda babu wanda ya gane.

Ranar da asiri ya tonu, wayar lasifika ce wani mai shara ya zare bai mayar ba. Malama Teng ta kunna faifai, ta harɗe hannu, tana gyaɗa kai a inda ake gyaɗawa, har da ɗan murmushi a inda direban tasi ke ba da dariya. Aji kuwa tsit, ko ƙuda. Ɗalibai arba'in da wani abu suka zauna suna kallon malamarsu tana sauraron abin da babu shi. Babu wanda ya ɗaga hannu. Wa zai kunyata malama a gaban aji? Da layin ya kai ƙarshe ta kashe, ta ce, "To, ina mutumin ya ce zai kai su?" Sai a lokacin monitar ajin, wata yarinya mai tabarau, Hou Jianing, ta taso sumui-sumui ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta mayar da wayar. Malama Teng ta ga wayar a hannunta, ta gane komai. Kunyar da ta ji ranar ta fi ta tashar jirgi, don wannan karon ita ce babba.

Magana ba ta kwana a kwaleji. Kafin mako ya zagayo Shugaba Pang ya aika a kira ta. Pang Zhiwei shi ne shugaban sashen Turanci, kuma ɗalibinta ne a da, da hannunta ta yage masa littafi yana ƙwalla. Ya tashi ya tarbe ta, ya zuba mata shayi ya miƙa da hannu biyu, ya zauna daidai gabanta yana buɗe baki sosai in zai yi magana. Wannan buɗe bakin shi ya fi ɓata mata rai.

"Malama, kin sha wahala a kanmu. Akwai gurbi a ɗakin karatu. Ga ɗumi, ga shiru, ki huta kafin ritaya."

"Shiru kam ina da shi, Ƙaramin Pang, ba sai ka ba ni ba. Wa zai karɓi ajina?"

"Akwai sabuwar malama. Ta iya shirya yara wa jarrabawa."

"Ta iya canki-canka, ka ce. Yaran nan a watan shida za su zauna jarrabawar ƙasa. Na karɓe su ba sa bambance gaisuwa da zagi, yanzu kunnensu ya fara buɗewa, shi ne za ka ƙwace su ka mayar da su kurame? Ni zan kai su bakin ƙofa. Bayan nan ka kai ni ko ɗakin ajiyar tsintsiya ne."

Pang ya murza goshi. Ya ce abin ya wuce hannunsa, kwamiti ya ji labari. Iyakar abin da zai iya shi ne a yi mata darasin baje koli, kwamiti ya zo ya zauna a bayan aji ya gani. In ya yi kyau ta ƙarasa shekarar da ajinta, in bai yi ba, ɗakin karatu. Da ta miƙe za ta fita ya sha gabanta don ta ga bakinsa, ya ce, "Malama, don girman iyayenki, ki shirya shi yadda kowa ke shiryawa."

To, kowa ya san yadda ake shirya darasin baje koli. Wasan kwaikwayo ne, babu ragi. Malami yakan yi wa ajinsa darasin sau biyu sau uku kafin ranar, ya raba wa kowa tambayarsa da amsarsa. Ranar da baƙi suka zo, yana tambaya sai ka ga hannuwa sun tashi gaba ɗaya kamar gonar dawa. Wanda ya san amsa hannun dama yake ɗagawa, wanda bai sani ba na hagu, malam kuma ya san inda zai nuna. 'Yan kwamiti ma da haka suka hau kujerunsu, sun san komai, su rubuta "madalla" a tashi.

Hou Jianing ta zo da tsari cikakke. Ta tare Malama bayan darasi, ɗalibai sun yi cirko-cirko a bayanta.

"Malama, mun gama magana. Ki zaɓi faifan direban tasi, duk mun san shi. Zan zauna a gaba, in sauti ya fara in cire tabarau, in ya tsaya in mayar. In amsa daidai ce in taɓa haɓa. Ba wanda zai gane."

Daga baya Gou Wenbin ya ɗaga murya. Shi ne ƙaton yaron da ke zama a kujerar ƙarshe yana ɓarar 'ya'yan furen sunfulawa a aljihu kamar gyaɗa, murya gare shi kamar mai kiran awaki daga wancan dutse. "Ni ma a ba ni tambaya ɗaya mai sauƙi, Malama, in haddace. Hannun hagu ya gaji!"

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, don har zuciyarta ta ji daɗin yaran. Amma ta girgiza kai.

"Na yage muku littafi don kada ku yi wa kanku ƙarya, shi ne yau za ku taru ku yi mini? Hou Jianing, ki bar tabaranki a fuskarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Malama, za su ɗauke ki fa."

"In da ƙarya zan zauna, gara su ɗauke."

Tsoho Mou da ya ji labari ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce taurin kanta ko jakin Dingxi albarka. Ta juya masa kunnen hagu ta ci gaba da cin taliyarta.

Ranar ta zo. 'Yan kwamiti suka jeru a bayan aji da kofunan shayinsu masu murfi, Shugaba Pang a tsakiya, kusa da shi wata Farfesa Lü mai furfura, wadda aka ce ba ta taɓa yin dariya a bakin aiki ba. Malama Teng ta shigo gashinta a ɗaure tamau kamar dā, na'urorin nan biyu a fili kowa na gani. Ta tsaya gaban allo ta yi magana da ƙarfi, don ita ba ta san iyakar muryarta ba yanzu.

"Ku baƙinmu, ba sai kun yi raɗa ba. Abin da kuka ji gaskiya ne, ba na jin abin da ke fitowa daga lasifika. Darasin nan kuma ba mu shirya shi ba. Shugaba Pang, ɗauko wayarka. Nemo mana kowace irin hira ta Turanci da ka ga dama, wadda ni ban sani ba, su ba su sani ba."

Fuskar Pang ta yi ja. Ya dubi Farfesa Lü, ita ta ɗaga kafaɗa. Ya daɗe yana lalube a waya, sannan ya taso ya haɗa ta da lasifika. Har yau ana musu a sashen ko da gangan ya zaɓi abin da ya zaɓa. Hira ce da wata tsohuwa makiyayiyar tumaki a tsaunukan arewacin Birtaniya, harshenta a murɗe, ga iska na kaɗawa a bayanta, ga kare na haushi.

Da hirar ta ƙare Pang ya ɗaga mata hannu alamar an gama. Ta dubi aji. Hannu ko ɗaya, ba dama ba hagu. Farfesa Lü ta buɗe murfin kofinta ta kurɓa. Tsoro ya kama Malama Teng sosai, amma ba ta bari ya hau fuskarta ba.

"Af, yau kuka fara jin Bature? Ban ce ku kawo mini buhu ba. Kowa abin da ya tsinta, ko ƙwaya ɗaya ce. Ku dube ni in za ku yi magana, ku buɗe baki."

Wata daga tsakiya ta ce ta ji tumaki. Wani ya ce dusar ƙanƙara. Wani ya ce akwai 'ya, kamar tana birni. Malama tana bin bakinsu tana rubutawa a allo, abin da bai shige ta ba ta ce a maimaita, ba kunya ba tsoro. Sannan ta fara jefa tambayoyinta na kullum. Wa ke magana? Tsohuwa ce ko yarinya, ta yaya kuka sani? Tana fushi ne ko tana ba da labari? "Ni ban ji komai ba," ta ce, "don haka duk abin da kuka ba ni shi ne nawa. In kun ba ni shirme, da shirme zan koma gida. Pang, sake kunnawa."

A karo na biyu allo ya fara cika. A na uku labari ya tashi tsaye: hunturu ne mai tsanani ya kashe wa tsohuwar 'yan raguna da yawa, 'yarta na matsa mata ta sayar da garken ta koma birni wurinta.

"To za ta sayar?" in ji Malama.

Hou Jianing ta miƙe. "Za ta sayar, Malama. Da bakinta ta ce ta gaji, wannan ne hunturunta na ƙarshe a kan dutse."

"Ƙarya ne!" Muryar Gou Wenbin ce, har Malama sai da ta jiyo ta. Ya miƙe ɓawon sunfulawa na zubowa daga cinyarsa. "Monita, ke kalmomi kika ji. Ba ki ji abin da ya biyo baya ba? Ta yi dariya, ta ce haka take faɗa duk shekara. Sannan ta yi wa karen fito. Wanda zai sayar da tumaki ba ya magana haka. Kakata ce sak, kullum gobe za ta bar gona!"

Aji ya kaure. Rabi na bayan Hou, rabi na bayan Gou, ana ta jefa wa juna guntayen Turancin da aka ji, an manta shaf da baƙi. Malama Teng ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta buga allo.

"Ni ba zan iya raba wannan gardama ba. Ban ji ba." Ta juya bayan aji. "Ƙaramin Pang, babu takarda a gabanka, kai ma kunne gare ka kamar su. Wa ya yi gaskiya?"

A gaban kwamiti ta kira shi da sunan yarinta. Pang ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, hannuwa a gefe, kamar yadda ɗalibi ke miƙewa. "Yaron ne, Malama. Ba za ta sayar ba."

"Wa ya koya maka ji?"

Ya ce, "Ke ce, Malama."

"Zauna."

Abin bai burge Farfesa Lü ba. Bayan an sallami ɗalibai ta zo gaban Malama ta ce yaran sun yi ƙoƙari, amma gaskiya ɗaya ce, da babu Pang a ɗakin wa zai ce ga mai gaskiya? Malamar sauraro da ba ta ji, ai abin ba ya tafiya.

"Gaskiyarki," in ji Malama Teng. "Ba zai tafi har abada ba, ban kuma roƙi har abada ba. Watan shida na ce. Kunnensu aka ɗauke ni aiki a kai, ba nawa ba, kin kuma ga nasu."

Kwamiti ya yi zamansa. Aka ce ta kai ajin jarrabawa, daga nan ɗakin karatu. Ba a rubuta mata "madalla" ba, ita ce ma ta farko a tarihin sashen da aka rubuta wa "da dama-dama". Ta sa Tsoho Mou ya manna takardar a jikin firij.

Ranar jarrabawa aka tashi da zafi. A kwalejinmu ta gidan rediyon makaranta ake watsa ɓangaren sauraro, kowane ɗalibi ya zo da rediyonsa na saƙalawa a kai, ya zaro 'yar eriya. Malama Teng ta tsaya a inuwar bishiya gaban ginin da kwandonta cike da yagaggun takardu, kamar yadda take yi duk shekara. A dā takan saƙala nata rediyon ta bi jarrabawar daga waje, kafin a fito ta san wanda zai ci da wanda zai faɗi. Wannan karon ma ta saƙala. Ba abin da ta ji sai ruwan nan a kan kwano. Ta cire, ta tsaya tana kallon kawuna ta taga, ba ta san ko suna ji ko ba sa ji ba. Duk taurin kanta, a wurin nan sai da ta tambayi kanta ko ta cuci yaran mutane.

Aka buɗe ƙofa. Gou Wenbin ne ya fara fitowa a guje, eriyarsa na rawa a ka, ya zo ya kafa baki a kunnenta na dama.

"Malama! Wai wannan ce jarrabawar? Mutumin magana yake kamar yana lallashin jariri! Har barci na fara ji!"

"Me ka ce?"

Ya ƙara ƙarfi, har masu wucewa suka waiwayo. Ta ji shi sarai tun karon farko, so take ta sake ji.

Sauran suka iso suka kewaye ta, kowa na magana lokaci guda, ba ta kama ko ɗaya ba, fuskokinsu kawai take kallo, sun kuwa ishe ta. Ta ɗaga kwando ta ce ga takardunsu, kowa ya ɗauki nasa. Hou Jianing ta zari 'yan shafuka ta yi fifita da su, sauran ko kallon kwandon ba su yi ba, suka wuce neman taliya.

Shugaba Pang na tsaye a bakin matakala. Malama Teng ta taka har gaban kwandon shara ta juye takardun duka, ta karkaɗe kwandonta, ta zo ta danƙa masa a hannu.

"Ka ba yarinyar da za ta karɓi ajina. In ta ji tsoron yagewa, ta aiko a kira ni, ɗakin karatu ba nisa."

Ya buɗe baki zai yi magana. Ta juya masa kunnen hagu, ta nufi bakin ƙofa inda Tsoho Mou ke jiranta da lema.